Hannun da Ya Riga Namu Taɓa Bango

Duk wanda ya taɓa miƙa wa ƙaramin yaro fensir da takarda ya san abin da ke biyo baya. Tun bai iya zana mota ko tsuntsu ba, zai kifa hannunsa na hagu a kan takardar, ya ware yatsu, ya bi gefensu da fensir yana cije da leɓe. In ya ɗaga hannun sai ya tsaya yana kallon abin da ya bari, can kuma ya mayar da hannun ya ga ko ya zauna daidai. Na ga wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma duk sanda na gani sai hankalina ya tafi wasu kogwanni da ke tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya.

A shekarar 2014 masu bincike suka bayyana cewa wani hoton tafin hannu da ke jikin dutse a can ya kai aƙalla shekara 39,900. Yadda aka yi shi ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya niƙa jar ƙasa, ya dama da ruwa, ya manna tafinsa a jikin dutse, ya fesa launin da baki ko ta cikin ƙashi mai rami. Da ya janye hannun sai siffarsa ta fito fes, ja ya kewaye ta. A kudancin Ajantina akwai wani kogo da ake kira Kogon Hannuwa, bangonsa cike da ɗaruruwan irin waɗannan hotuna, kuma mafi yawansu hannuwan hagu ne, domin dama ce ke riƙe da bututun fesawa. Hannun hagun nan dai da yaro ke kifawa a takarda.

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin masu zane da malamansu da masu sayen aikinsu: me ya kamata mai zanen yau ya yi da abin da magabata suka bari? Wasu na ganin ya riƙe shi yadda ya tarar, ƙari ko ragi cin amana ne. Wasu kuma na ganin ya rabu da shi kwata-kwata, tunda zamani ya sauya ido ma ya sauya. Ni a wurina duka biyun sun kauce wa tambayar. Babu mai zanen da ke farawa daga babu, ko ya sani ko bai sani ba. Abin dubawa shi ne me ya ɗauko daga tushen, kuma ko ya sauke haƙƙin waɗanda ya ɗauko a wurinsu. Abin da ke damuna kuwa, da yawa daga masu cewa sun koma tushe ganye kawai suke tsinkowa, su bar saiwa a ƙasa, su kuma manta da sunan wanda ya shuka itacen.

Kafin a yi maganar ɗauka, sai an fara yarda cewa mutanen dauri suna da abin ɗauka, kuma wannan yardar ta sha wuya kafin ta samu. A 1879 wani mutumin Sifaniya, Marcelino Sanz de Sautuola, yana tono a ƙasan kogon Altamira yana neman kayan mutanen farko, sai 'yarsa ƙarama Mariya ta ɗaga kai ta ga garken ɓauna a rufin kogon, da ja da baƙi. Wanda ya zana su ya bi yanayin dutsen ne. Inda dutse ya kumburo, nan ya sa kafaɗar dabba ko cikinta, ta yadda in hasken fitila ya motsa sai ka ga kamar naman yana numfashi. Da uban ya bayyana abin a 1880, manyan masanan lokacin suka ce ƙarya ce, har aka yi zargin an ɗauko mai zane ne ya yi aikin a ɓoye. Hujjarsu ita ce kyan ya yi yawa, mutumin kogo ba zai iya ba. Sautuola ya rasu a 1888 da wannan tabo a jikin sunansa. Sai a 1902, bayan an gano wasu kogwanni masu zane a Faransa, babban mai sukarsa Émile Cartailhac ya fito fili ya rubuta cewa ya yi kuskure.

Shekara takwas kacal bayan haka aka maimaita kuskuren a wata nahiya. Bajamushe Leo Frobenius ya isa Ile-Ife a 1910, ya ga kawunan da aka ƙera da tagulla da na yumɓu, fuskoki masu natsuwa da tsaga siri-siri daga goshi zuwa haɓa. Ya yaba su matuƙa, amma zuciyarsa ta ƙi ba shi cewa kakannin mutanen da ke tsaye a gabansa ne suka yi. Sai ya jingina aikin ga Atlantis, wata daula ta labaran Girkawa da aka ce teku ta haɗiye. A 1938 masu haƙa harsashin gida kusa da fadar Ooni, sarkin Ife, suka ci karo da ƙarin kawuna fiye da goma. Maƙeran Ife ne suka yi su, ƙarnoni da dama kafin zuwan Frobenius: a siffanta kan da kakin zuma a bisa yumɓu, a lulluɓe da wani yumɓun, a gasa har kakin ya narke ya zube, a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Raini ne ya rufe idon masanan Altamira, shi ne kuma ya rufe idon Frobenius, kuma har gobe yana rufe idon ɗalibin da ke jin kunyar tambayar kakarsa yadda take fitar da ado.

Waɗanda ba su raina ba kuwa, sun ci riba. A watan Janairun 1506 aka tono wani tsohon mutum-mutumi na farin dutse a wata gonar inabi a Roma, wani mutum da 'ya'yansa biyu macizai sun naɗe su. Mikelanjelo, gwanin sassaƙa da zane na Italiya, na cikin waɗanda suka fara zuwa gani, kuma murɗewar jikin nan ta bi shi cikin ayyukansa da suka biyo baya. A ƙasar Sin, tun a ƙarni na 6 Xie He ya jera ƙa'idoji shida na zane, ta shida ita ce isar da gado ta hanyar kwafar aikin magabata. Su a wurinsu kwafa hanya ce ta shiga hannun malami, ka ji inda ya danna da inda ya sassauta.

Inda na fi ganin ma'anar gado ƙarara shi ne fasahar rubutun Larabci, kuma wannan misali ne da ya shafi har wanda ke nesa-nesa da zanen abu mai rai. Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza wanda ya rasu a shekara ta 940, shi ake jingina wa tsarin auna haruffa. Ka fiƙe alƙalamin kara, ka yanke bakinsa a karkace, ka tsoma a tawada, ka danna shi sau ɗaya a takarda. Ɗigon da zai fito mai kusurwa huɗu ne, kamar an tsayar da shi a kan kusurwa ɗaya. Wannan ɗigo shi ne ma'auni. Tsawon alif ɗigo kaza ne a jere, daga alif ake fitar da da'ira, daga da'irar kuma ake auna cikin sauran haruffa da lanƙwasarsu. Ke nan in alƙalami ya yi kauri rubutu ya girma, in ya sirance rubutu ya ƙanƙance, amma daidaiton bai taɓa ɓaci ba. Ibn al-Bawwab ya zo bayansa ya ƙara wa tsarin laushi, Yaƙut al-Musta'simi ya zo a ƙarni na 13 ya gyara yankan bakin alƙalami, malaman Daular Usmaniyya suka karɓa suka kai shi wani matsayi. A wurinsu ɗalibi kan shafe shekaru yana kwafar layin malaminsa, malam na gyara masa da jar tawada, kuma ba ya sa hannu a ƙarƙashin aikinsa sai an ba shi ijaza, wato izinin malaminsa. Kowane ɗaya a cikin wannan salsala ya sauya wani abu, kuma kowane ɗaya ya san sunan wanda ya karɓa a hannunsa.

Daga wannan rijiya Ibrahim El-Salahi ya sha. An haife shi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar Alƙur'ani. Ya tafi Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya dawo gida a ƙarshen shekarun 1950 da gwanintar da aka koya masa, ya shirya baje kolin ayyukansa a Khartum. Mutane suka zo ranar buɗewa, daga nan ba su sake waiwayar wurin ba. Wani da sai ya ce jama'a ba su waye ba. Shi sai ya tsaya ya tambayi kansa, me mutanen nan suke ratayewa a bangon ɗakunansu? Ya ga rubutu ne, da adon tabarmi da na faifai. Sai ya fara saka haruffa a gefen zanensa, ya lura mutane sun fara matsowa. Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya bambanta shi da masu liƙe-liƙe. Ya shiga farfasa haruffan, yana jan wutsiyarsu, yana duba sararin da ke tsakaninsu, har fuskoki da itatuwa da tsuntsaye suka fara ɓullowa daga cikin lanƙwasar harafi. In ka dubi aikin da ya yi daga baya da wuya ka karanta kalma ko ɗaya, amma layin da ya ja layin mutumin da ya tashi da allo da alƙalami ne. Ko a 1975 da aka tsare shi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti ya ci gaba da zane yana binnewa a yashi. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya babban baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san ciwon da za a ba ta.

Kusan a lokaci guda, a 1958, wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manhajar da ake koya musu ta Ingila ce, su kuma ba su ce a jefar da ita ba. Matsayarsu ita ce kowa ya koma ya binciki fasahar mutanensa, ya haɗa ta da abin da ya koya a aji, har su narke su zama abu guda. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kuma mahaifiyarsa na cikin masu yin sa. Ana yin na jiki da ruwan 'ya'yan wani tsiro, a ja shi a fata da bakin 'yar wuƙa siririya. Da farko da ƙyar ake ganinsa, kafin gari ya waye ya yi baƙi, bayan 'yan kwanaki kuma ya dushe. Tunda ba a gogewa, dole hannu ya san inda zai bi kafin ya taɓa fata. Abin da Okeke ya ɗauko ke nan: layi ɗaya da ba ya shakka, da sanin darajar filin da aka bari babu komai. Ya kai wannan Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, ɗalibai suka tashi a kai.

A Nsukkan ne El Anatsui, ɗan ƙasar Gana, ya fara koyarwa a 1975. Aikin da ya fitar da sunansa a duniya da murafun kwalaben giya ake yin sa, a daddaƙe su, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, dubbai a kan dubbai, har su zama wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da ke rufe bangon bene. Babu zare ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya san saƙar kente ta Gana zai ga danginta, ƙyalle-ƙyalle da aka jera aka haɗa. Kuma murfin kansa yana ɗauke da tarihi, domin giya na cikin hajar da jiragen Turawa suka kawo gaɓar Afirka a zamanin cinikin bayi. Wannan mutum bai kwafi adon kowa ba, tunanin masaƙi ya gada.

Na taɓa shiga wani baje koli na matasan masu zane, na tsaya a gaban wani babban aiki mai launi mai kyau. Tsakiyarsa fuskar mace ce, gefensa kuma an kewaye da alamomi iri-iri, wasu na gane daga yammacin Afirka suke, wasu daga arewacinta, wasu ma daga wata nahiyar. Na nuna guda ɗaya na tambayi mai aikin ma'anarta. Ya yi murmushi ya ce a intanet ya gani, ta yi masa kyau, kuma masu saye suna son aiki ya nuna asali. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, yaro ne mai hannu, kuma kasuwa ce ta koya masa haka. Amma na fita da nauyi a zuciya. Alamar da ya ɗauka wataƙila wasu mutane sun yi ƙarni suna sa ta a wurin makoki, ko a ɗakin amarya, ko a kan abin da ba kowa ke gani ba, shi kuma ya mayar da ita bakin zani. Zanen aro ba ya rufe katara. Ana iya gane aikin da tushe ya ratsa shi da wanda aka yafa masa tushe a kafaɗa, ko da mai kallo bai iya faɗin yadda ya gane ba.

Sai maganar haƙƙi, wadda ita ce ta fi ci mini rai. A 1907 Pikaso, mai zane ɗan Sifaniya, ya shiga gidan adana kayan al'adu na Trocadéro a Paris, ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka da na tsibiran Pasifik, musamman abubuwan rufe fuska na itace. A shekarar ya kammala shahararren zanensa na mata biyar, Les Demoiselles d'Avignon, wanda fuskokin biyu na gefen dama suka fito da kamannin waɗannan sassaƙe-sassaƙe. Masana na lissafa zanen cikin waɗanda suka buɗe ƙofar fasahar zamani a Turai. Ba na cewa Pikaso ya yi laifi da ya duba ya koya, ido ba shi da shinge. Abin da nake cewa, sunansa na cikin kowane littafin tarihin zane, waɗanda suka sassaƙa abin da ya girgiza shi kuwa a ƙarƙashin aikinsu sunan ƙabila kawai aka rubuta, wani lokacin ma sunan yanki. Ko a 1984 da gidan MoMA na New York ya jera ayyukan Turawan zamani kusa da na Afirka da Pasifik don nuna kamanninsu, masu suka sun yi ca a kan wannan: ɓangare ɗaya na da suna da shekara da labari, ɗayan kuma an kawo shi ne kawai ya zama shaida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce ai masassaƙan ba su da suna. Suna da shi. Olowe na garin Ise, a ƙasar Yarbawa, sarakuna ke aikawa a ɗauko shi ya sassaƙa musu ƙofofi da ginshiƙan fada, kuma har kirari yake da shi a bakin mutanensa. Ƙofar da ya yi wa fadar Ikere an kai ta baje kolin Wembley a 1924, ta ƙare a Gidan Tarihin Birtaniya. Mutanen garinsu na iya bambance hannunsa da na wani kamar yadda ake gane muryar mawaƙi a duhu. Masu kwasar kaya ne ba su tambaya ba, kuma rashin tambayar nan ya shafe sunayen dubban gwanaye, mafi yawansu ma mata, masu ginin tukwane da saƙa da rini da adon bango.

Akwai aro mai mutunci. Van Gogh, mai zane ɗan Holan, ya kwafi zane biyu na Hiroshige, gwanin Japan, a 1887, da fenti a kan ƙyalle, har ya kewaye su da haruffan Japan da bai iya karantawa ba. Amma bai ɓoye ba, wasiƙunsa ga ƙaninsa Theo cike suke da ambaton abin da ya koya daga masu zanen Japan. Abin sha'awa kuma, Japan ɗin da ya aro a wurinta ita ma ta yi aro. Shahararren zanen igiyar ruwa na Hokusai, na wajajen 1831, da wani shuɗi aka buga shi wanda aka fara haɗawa a Balin ta Jamus fiye da shekara ɗari kafin nan, kuma dabarar nuna nisa da kusa da ke cikinsa ta shigo Japan ne ta hotunan da 'yan kasuwar Holan suka kawo. Wannan ya isa amsa ga masu cewa a bar al'ada yadda aka same ta. Wacce daga ciki? Abin da muke kira gargajiya yau, jiya wani ne ya ƙirƙiro shi, wataƙila ma dattawan lokacinsa sun yi masa faɗa.

Akwai wani ƙorafi da nake ji daga matasan masu zane, kuma ina ganin gaskiyarsu. Sukan ce mai zanen Turai yana da 'yancin zana duk abin da ya ga dama, amma ɗan Afirka ko ɗan Asiya in bai saka alamar ƙabilarsa ba sai a ce ya ɓata, ko a ƙi sayen aikinsa. Wannan kurkuku ne, ko da an yi masa ado da sunan girmama al'ada. Ba jini ke wajabta wa mutum tushe ba. Yarinyar da ta tashi a babban birni tana kallon allunan talla da hotunan waya, waɗannan ma suna cikin abin da ya gina idonta, kuma ba wanda ya isa ya tilasta mata zana abin da ba ta taɓa rayuwa da shi ba. Abin da nake roƙo bai kai tilas ba. In ka ce za ka ɗebo daga wata rijiya, taka ce ko ta maƙwabta, ka zauna a bakinta har ka san zurfinta. Baƙon da ya yi shekara biyar a gaban tsohuwar mai tukwane ya fi jikanta da bai taɓa taɓa yumɓu ba haƙƙin cewa ya gaje ta.

Zama a bakin rijiya kuma shi ke koya wa mutum abin da ba a ɗauka. A 1971, a wani matsuguni da ake kira Papunya a hamadar tsakiyar Ostareliya, wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawan 'yan asalin ƙasar gwiwa su zana labaransu a bangon makaranta, daga nan suka koma kan katako da ƙyalle. Zane ne da a da ake yi a yashi da jiki lokacin bukukuwan ibadarsu. A 1972 suka kafa kamfaninsu na kansu, Papunya Tula. Amma ayyukan farko sun fito da wasu abubuwa na sirri da ba a yarda kowa ya gani ba, wasu al'ummomin suka nuna ɓacin rai. Masu zanen suka saurara. Suka daina saka wasu alamomin, wasu kuma suka lulluɓe su da ɗige-ɗige. Ɗigon nan da duniya ta san fasaharsu da shi yau, wani ɓangare na aikinsa labule ne. Wanda ya kwafi ɗigon don ya sayar wa 'yan yawon buɗe ido, labulen ya ɗauka bai san akwai ɗaki a bayansa ba. Kuma ana yi. A 2019 kotun tarayya ta ƙasar ta ci tarar wani kamfani dalar Ostareliya miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin hannun 'yan asalin ƙasa.

Yanzu kuma ga na'urorin da ke haɗa hoto in ka rubuta musu abin da kake so. Sun koya ne daga miliyoyin hotunan da mutane suka yi, kuma cikin daƙiƙa kaɗan za su ba ka abu mai kama da uli, ko rubutun Usmaniyya, ko ɗigon Papunya. Ba na tsoron kayan aiki, burushi ma wata rana sabon abu ne. Abin da nake tsoro shi ne tsohuwar cutar nan ta shafe suna ta samu ƙafafun gudu. Hoton zai fito da kamannin gado, babu malami, babu ijaza, babu wanda za a tambaya ko wannan alamar ta halatta a fitar. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka ina ganin nauyi ya fi yawa a kan makarantun koyar da zane da gidajen adana kayan tarihi. Makaranta za ta koya wa ɗalibi sunayen gwanayen Italiya da Faransa shekara huɗu, abu ne mai kyau, amma tsohon maƙeri ko masaƙiyar da ke raye a kusa da ita ba a taɓa gayyatarsu aji ba, in ma an gayyace su to a matsayin abin kallo ne. Ya kamata a ba su kujerar malami, a biya su kamar malami, a rubuta sunansu a takardar shaidar ɗalibi yadda masu ijaza ke yi. Gidajen tarihi kuma su daina gamsuwa da rubuta “ba a san mai aikin ba” alhali ba a taɓa aika kowa ya tambaya ba. Wasu sunayen sun tafi har abada, amma wasu suna nan a bakin tsofaffi, kuma tsofaffin ba za su jira mu ba. Shi ma mai zane, in ya rataye aikinsa, layi ɗaya a ƙarƙashinsa ba zai rage masa komai ba: na koyi wannan a wurin wance, a gari kaza.

Esther Mahlangu, 'yar ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu da aka haifa a 1935, ba ta taɓa ɓoye inda ta koya ba. Duk inda aka tambaye ta sai ta ambaci mahaifiyarta da kakarta. Matan Ndebele ne ke yi wa bangon gidajensu ado da manyan siffofi masu kusurwa, kowanne an kewaye shi da baƙin layi mai kauri. A da da ƙasa mai launi da kashin shanu ake yi, daga baya fentin kanti ya shigo suka karɓe shi, launukan suka ƙara haske. Ita da gashin kaza take jan layinta, ba ta amfani da rula, kuma layin kan fito a miƙe kamar an ɗaura zare. A 1989 aka gayyace ta Paris ta yi wa kwatankwacin gidanta ado a wani babban baje koli, a 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota ta zane ta da adon Ndebele, ita ce mace ta farko da aka ba wannan aiki. Da ta samu suna sai ta buɗe makaranta a harabar gidanta a lardin Mpumalanga tana koya wa yara. Ta sha ba da labarin yadda ta fara tana 'yar shekara goma. In iyayen sun kwanta hutun rana sai ta saci jiki ta taɓa bangon da suke aiki a kai, su tashi su ga layi a karkace su yi mata faɗa. Da suka ga ba za ta bari ba, sai suka tura ta bayan ɗaki, inda baƙo ba ya gani, suka ce ta yi ta gwadawa a can. Kullum sai su zagaya su duba. Ranar da layinta ya miƙe, suka kira ta ta dawo bangon gaba.